Kwanon da Aka Aika Dakar Wayam

Kai mai karatu, in kana da ɗa ko ɗiya can nesa wajen boko, kuma ka saba cika wa maƙwabta kunne da labarinsa, to saurara. Kada ka tara mutane guɗa kafin ka kwance ƙullin da aka aiko maka ka ga abin da ke ciki. Ni ce Barira, matar marigayi Hamani, mai sayar da atamfa a unguwar bakin gulbi nan Gaya. Waɗannan wasiƙu tsakanina ne da ɗiyata Zalika, wadda ke aiki a wata cibiyar binciken cututtuka a Dakar, a shekarar da sojoji ke riƙe da ƙasa. Ƙanena Alassan, mai fatauci, shi ke kai mana su. Na sa an kwafe su domin ƙannenta da jikokina, ban cire ko ɗaya ba, har da ta biyu. In ka zo kanta dariya ta kama ka, ka riƙe abarka a ciki. Ni ba sa'arka ba ce.

Dakar, Janairu 2010

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ƙannena da duk mutanen gida. Yaya gwiwar? Kawu Alassan ya ce kin daina shafa maganin da na aiko, wai warinsa ya yi yawa. Inna, gwiwa ba ta da hanci. Ni lafiyata lau, sai kewar gida.

Aikin nan ya ƙare. Kin tuna lokacin da na zo da akwatunan kwalabe, masunta suka ƙi ba da fitsarin ƴaƴansu, har sai da kika tsaya gaban shugabansu Baba Siddo kika ce: "Ɗiyata ce. Abin da ta gano zai dawo hannunku. Ni na ɗauka." To, an gano. Maganin tsargiya da ake rabawa a lakwal, wato makarantar boko, yana aiki sarai. Lokacin rabon ne bai yi daidai ba. Ana raba shi bayan ruwa ya ja baya, sa'ad da masunta sun kwashe yaransu sun koma tungaye cikin tsibirai. Yaran gari suna sha, waɗanda suka fi kowa shiga ruwa kuwa ba sa nan. Shi ya sa fitsarin jini ya ƙi barin bakin gulbi. In aka raba kafin su tashi, za a same su.

Yanzu sai bugawa. A aikinmu, abin da ba a buga a mujallar masana ba kamar ba a yi shi ba ne. Mujallun kuwa iri biyu ne. Akwai manya masu suna, amma a kulle suke, sai wanda ya biya ko wanda ma'aikatarsa ta biya masa zai karanta. Akwai buɗaɗɗu, duk mai intanet ya karanta kyauta. Daraktanmu ya liƙa takarda a bango, wai cikin kowane rubutu goma da cibiyarmu ta buga bara, uku ne kaɗai a buɗe. Yana so su ƙaru, amma bai tilasta wa kowa ba. Kowa kuma ya san ranar da za a zaɓi waɗanda za a riƙe a aiki, sunan babbar mujalla ake fara dubawa. Wa'adin aikina ƙarshen shekarar nan ne.

Zuciyata ta rabu biyu, Inna. Me kika gani?

Ɗiyarki,
Zalika

Gaya, Fabrairu 2010

Zalika,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Gwiwa tana nan inda kika bar ta, maganar hanci kuma ba magana ce da ake yi wa uwa ba. Kin dai ji sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Nan ko tari ba a yi ba. An rufe gadar kan iyaka, aka sake buɗewa, masu doya suka ci gaba da wucewa. Kada ki sa wannan a ranki.

Na karanta wasiƙarki, na sake karantawa, don in tabbata ɗiyata ce ta rubuta. Wato duk wahalar da aka sha a kanki, yau kina tunanin ki ɗauki aikin shekaru ki zube shi bakin hanya kowa ya ɗiba? Ni a birebe, ƙarshen ƙaramar sakandare, karatuna ya tsaya, amma kasuwa ta ƙarasa mini sauran. Je ki kasuwar Malanbil, can ƙetaren gada, ki duba. Atamfar da ake shimfiɗawa a ƙasa, wannan ya taɓa wancan ya ja, an san darajarta. Ta ƙwarai tana cikin kabad da makulli, sai ka yi sallama, an dube ka, sannan a fito da ita. Abin da aka ba kowa kyauta, ko zinariya ne, tagulla za a kira shi.

Waɗannan uku cikin goma da kike faɗa, ki bincika a hankali. Ƙila waɗanda aka koro ne daga manyan gidaje, suka ce dama ba sa so. Shi daraktan naku da ke liƙa takarda, a ina ya buga nasa kafin ya zama darakta? Yaran zamani kun iya yi wa kanku arha ku kira shi tausayi. Ubanki, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa tsayawa ƙofar ƙaramin gida ba alhali babba yana buɗe.

Ki kai babban gida, mai kabad da makulli. Maganar Siddo ki bar mini. Ranar da aka buga, ni da ƙafata zan kai shi ya gani da idonsa.

Ki riƙe salla kan lokaci. Ki daina cin abinci a tsaye, Alassan ya gaya mini. Allah ya yi miki albarka.

Uwarki,
Barira

Dakar, Yuni 2010

Inna, Innata,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa, ina fata damina ta sauka lafiya. Ki yafe mini shirun da na yi, ban so in rubuto ba sai da labari a hannu.

An karɓa, Inna! An buga! Babban gidan da kika ce, shi ɗin. Sun ba masana uku su duba aikin, suka yi ta jefo mini tambayoyi kamar duwan, ƴan kwastan, sun kama mota, ina amsawa suna ƙarowa. Ɗaya har ya tambaya ko na tabbata tsibiran nan suna nan. Na ce da zai zo da Baba Siddo ya kai shi. Daga ƙarshe suka ce sun gamsu.

Ranar da ya fito ban iya zama ba. Abokan aikina a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, suka sayo zoɓo da gyaɗa, aka yi ta tafi, wata ta ɗaura mini ɗankwali irin nasu ta ce sai na taka. Na taka, Inna, kaɗan. Darakta da kansa ya leƙo ya ce yarinyar Gaya ta fitar da cibiya kunya. Ina ta tuna Baba, da ya ga sunansa manne da nawa a can.

Ga adireshin rubutun a ƴar takarda daban. Ki kai wa Cha'ibu mai siber, shagon intanet na kusa da tasha, ya san yadda zai yi. Na bi maganarki, kin ga albarkar.

Ɗiyarki mai murna,
Zalika

Gaya, Yuli 2010

Zalika,

Gaisuwa. Jikinmu lafiya. Fuskata ce dai ba ta da lafiya, kuma yanzu za ki ji dalili.

Da wasiƙarki ta zo na yi sujada. Na sa aka dafa shinkafa babbar tukunya, na ciro leshin da na ajiye tun aurar da ƙanwarki. Na aika wa Siddo da matarsa Hajo. Na aika wa Majo Lawali, babban ma'aikacin jinya na asibitin unguwarmu, tunda shi ke jagorantar rabon magani. Matan unguwa ba a gayyace su ba, amma sun zo. Muka ɗunguma zuwa siber kamar masu rakiyar alhaji, har masu kabu-kabu suna ba mu hanya.

Muna isa aka ɗauke wuta. Cha'ibu ya tada injinsa, ya kori samarin da ke ciki, ya ba ni kujera. Ya buga adireshin, muka jira, muka jira. Sai ga shi. Zalika Hamani, baƙi a kan fari, a sama da sunayen duk sauran. Hajo ta rangaɗa guɗa har wani jandarma ya leƙo ya ga ko lafiya. Ni kuma wani abu ya faɗa mini a ido, na goge. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba, wannan kam ki sani.

Sai Majo ya ce, "Cha'ibu, sauka ƙasa mu ga sauran."

Ya sauka. Ɗan rubutu ne da Ingilishi, bai fi tafin hannu ba, a ƙarƙashinsa kuma hoton kwaɗo, irin wanda ake kulle shago da shi.

"Hajiya, an kulle," in ji Cha'ibu. "Sai mai kat ɗin banki."

Na ce, "Gaya musu uwarta ce."

Ya ce, "Hajiya, na'ura ba ta san uwa ba."

Na ce ya sake gwadawa. Ya danna nan, ya danna can, kwaɗon yana nan. Na tambaya wa ke da irin wannan kat a Gaya. Aka yi ta kallon juna. Majo ya sosa ƙeya ya ce shi ba zai je gaban babban likita da wannan guntun ba, don tambayar farko ita ce ina lissafin, waɗanne tungaye, yara nawa, kuma duk suna bayan kwaɗo.

Siddo ya dubi kwaɗon. Sai ya cire hularsa, ya leƙa cikinta, ya ce, "Zalika-nya," wato uwar Zalika, kin san haka suke kirana, "mu dai kwalaben nan cike muka ba da su."

Mata suka fashe da dariya. Shi bai yi ba, sai ya ci gaba:

"Jikana ma sau biyu ya cika, don ta farko ta zube. A gidanku in maƙwabci ya kawo kwano da abinci, wayam kuke mayar masa?"

Zalika, tun kina rarrafe kin taɓa ganin kwanon wani ya fita daga gidana ba komai a ciki? Ko ƙwayar gyaɗa ce ana sawa. Yau ga shi an tambaye ni wannan gaban matan unguwa. Sun zo sun ci shinkafar, ba su rage ba, suna ta sa miki albarka. Ni ko loma ban haɗiye ba. Tun ranar, in zan je kasuwa sai in zaga ta bayan masallaci, da wannan gwiwar, don kada in bi ta bakin gulbi.

Ni na tsaya na ce na ɗauka. Wane irin gida ne wannan da kika kai amanar mutane, wanda masu abu ba sa iya shiga su ga abinsu? Ilimin da bai koya wa mutum mayar da kwano ba, ban san sunansa ba. Ina jiran amsa.

Uwarki,
Barira

Dakar, Agusta 2010

Zuwa ga Innata,

Ina gaishe ki da azumi, Allah ya karɓa mana. Na ji gulbi ya cika ya shiga gonakin shinkafa, ina fata bai taɓa gidaje ba. Ki gaida mini Baba Siddo da Inna Hajo, in kin yarda kin bi ta wajensu.

Wasiƙarki ta sa ni kuka, ta kuma sa ni dariya, Allah ya yafe mini. Ban yi tunanin siber ɗin Cha'ibu ba. A nan cibiya duk mujallar da na danna buɗewa take, don ma'aikata ta biya, har na manta akwai ƙofa.

Amma Inna, kin tambaye ni wane irin gida ne. Babban gida ne, mai kabad da makulli. Wasiƙarki ta Fabrairu tana nan cikin jakata. Ba gardama nake yi ba, tunatarwa ce kawai.

Ga yadda abin yake. Ranar da suka karɓi rubutun na sa hannu a wata takarda, na ba su haƙƙinsa. Saboda haka ba ni da ikon in baza shi a intanet yadda na ga dama. Amma ga kwafi ɗaya na buga miki, yana cikin ambulan ɗin nan. Ki ba Majo Lawali, ya kai wa babban likita, ya kuma fassara wa Baba Siddo. Ina ganin wannan zai wanke ki. Na haɗo da dabino da wani maganin gwiwa marar wari.

Kada ki ci gaba da zagawa ta bayan masallaci, don Allah.

Ɗiyarki,
Zalika

Gaya, Satumba 2010

Zalika,

Mun yi salla lafiya. Ruwa ya ci shinkafa, ya bar gidaje. Dabino ya zo.

Ke da hannunki kika rubuta cewa ba ki da iko da abin nan. Sannan kika cusa shi cikin ambulan, kika ba ƙanena, ya ratso iyaka bayan iyaka da shi bai sani ba, a zamanin soja. Shekara da shekaru ina shigo da atamfa ta kan gada, da rana tsaka, duwan sun san ni sun san ubanki. Ban taɓa bin jirgin ƴan fasa-ƙwauri ba, ba kuma a kan takardarki zan fara ba. Na kulle shi a ƙasan akwati, ko Majo bai gani ba.

Kuma a ce ma halal ne, ai ɗaya ne. Majon garin Bana fa? Na Yelu fa? Na ƙetare, wanda yaransa ke wanka a ruwa ɗaya da namu? Sai kowa ya zo ya yi sallama a ƙofata kafin ya san abin da ke cikin jikin ƴaƴansa? A gaban jama'a na yi alkawari, ba zan cika shi ta taga ba.

Maganar Fabrairu kuwa, yaro mai tarbiyya ba ya ajiye maganar uwarsa a jaka don ya kafa mata shaida.

Alassan zai ba ki kwano. Kada ki tambaye shi ko wani abu ya zube a hanya. Haka na aiko shi. Ba za ki sake ganin rubutuna ba sai kwanon ya dawo.

Barira

Dakar, Disamba 2010

Zuwa ga Innata,

Ina gaishe ki, ina fata an yi layya lafiya. Na rubuto bayan kwanon ya iso, na sake rubutowa, shiru. Kawu ya ce kina lafiya, kina karanta wasiƙun kina ninkewa. To ga wadda ba za ki ninke ba.

Kwanon nan mai shuɗin fure ne, wanda kike ba ni in kai wa maƙwabta kunu da azumi. Da na buɗe murfin na ga fuskata a ciki, sai da na zauna. Na kai shi labo na ajiye kan tebur don in riƙa ganinsa. Wata abokiyar aikina ta ɗaga murfin, ta riƙe baki ta ce, "Wa kika yi wa laifi a gida?" Ashe su ma nan haka al'adar take.

Kwanon ne ya sa na ciro takardar da na sa wa hannu ranar murna, wadda ban karanta har ƙarshe ba. Na san abin da za ki ce, na riga na faɗa wa kaina. A can ƙasa an rubuta cewa bayan wata shida da bugawa, marubuci yana da ikon ya ɗora nasa kwafin, wanda ya tsara da hannunsa, a rumbun cibiyarsa na intanet, kowa ya karanta. Cibiyarmu tana da wannan rumbu tuntuni, kusan wayam yake. Kwafin da ke akwatinki ma halal ne, Inna, marubuci yana iya ba mutum ɗaya ɗaya. Ni ce ban yi bayani da kyau ba. Kawu bai yi fasa-ƙwauri ba.

A taron ƙarshen shekara darakta ya tashi yana ta ƙorafi, har yanzu uku cikin goma, ya liƙa takarda ba wanda ya kula. Sai ya ce, "Af, Zalika, wai mene ne labarin kwanon nan da kowa ke magana?" Na tashi na ba su labari, tun daga leshi har zuwa kwaɗo. Da na zo kan maganar Baba Siddo, cewa su dai cike suka ba da kwalabe, ɗakin ya ɗauki dariya har wani farfesa yana share hawaye. Sannan kowa ya shiga taitayinsa. Kowa a ɗakin yana da kwalaben wani ƙauye a cikin firjin labo.

Washegari mutane suka fara tono tsofaffin rubuce-rubucensu suna duba abin da suka sa wa hannu. Da yawa wa'adinsu ya cika tun shekarun baya, ba wanda ya waiwaya. An yi ta ɗorawa. Jiya darakta ya canza takardar bango: biyar cikin goma. A ƙasa wani ya zana kwano da biro.

Sun kuma riƙe ni a aiki, Inna! Sun ce sunan babbar mujallar ya yi nauyi a wajen zaɓen. Kin ga shawararki ta Fabrairu ta ba ni aiki, ta Satumba ta buɗe ƙofa.

Yau wata shidan ya cika. Da safe na ɗora nawa, na haɗa da fassarar Faransanci. Ga sabon adireshi. Kwanon yana hannun Kawu, kuma da nauyi.

Ɗiyarki,
Zalika

Gaya, Janairu 2011

Zalika ɗiyata,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Sabon maganin gwiwa yana aiki, ba don ba shi da wari ba, don na daina zagawa ta bayan masallaci.

Kwano ya iso. Na ga rubutun cikakke da fassararsa, na ga turaren wuta na Dakar, na ga busasshen zoɓo a ƙasa. Amma ban kira kowa ba. Na yafa tsohon mayafi na tafi siber ni kaɗai, kamar mai zuwa sayen gishiri. Cha'ibu ya buga adireshin. Na ce, "Sauka." Ya sauka. Na ce, "Ƙara." Ya yi ta sauka, ga lissafi, ga zane, ga taswirar gulbi, har ya ce, "Hajiya, wannan ba ya ƙarewa!" Na ce, "Ina kwaɗon?" Ya ce babu. Na sa shi ya kashe na'urar ya sake kunnawa, ya gwada a ta kusa da ita. Babu. Sannan na koma gida na ɗora tukunya.

Wannan karon har masu kabu-kabu sun shigo. Majo Lawali yana karanta Faransancin yana juyawa da Hausa, Hajo tana ƙara wa mata da Dandanci, yarensu. Da aka zo kan taswira Siddo ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya ce, "Ga tungarmu. Ga ta Alfari. Yarinyar nan ba ta ɓata ko ɗaya ba." Sai ya ce, "To ina jikana?" Majo ya nuna masa wani layi na lissafi ya ce yana cikin waɗannan. Siddo ya ce, "Sau biyu aka ƙirga shi, ko?" Wannan karon da shi aka yi dariyar. Ya juyo ya ce, "Zalika-nya, kin sauke." Wani abu ya sake faɗa mini a ido. Siber ɗin nan ba a share shi da kyau.

Majo ya buga kwafi ya kai wa babban likita. Shi kuma ya rubuta wa manyansa a Doso yana neman a matso da rabon magani kafin masunta su tashi. Amsa ba ta zo ba tukuna, kin san takardar gwamnati, ga kuma hidimar zaɓe da sojoji suka ce za a yi. Amma Majo ya ce ko ta zo ko ba ta zo ba, bana zai ware maganin yaran tunga, Siddo kuma ya ce jirginsa ne zai kai shi. Majon Bana ya karanta a can ba tare da ya roƙi kowa ba. Wani ma'aikacin lafiya na ƙetare ya bugo wa Majo waya, wai shi ma ya gani. Ranar kasuwa an karanta shi a rediyon gari, aka faɗi sunan ubanki daidai.

Kwanon ban shigar da shi ɗaki ba. Yadda ya zo da kayansa haka na ɗauka, na bi ta bakin gulbi da tsakar rana, ina gaida kowa, na kai gidan Siddo. Da la'asar Hajo ta dawo da shi, bandar kifi har murfi ba ya rufuwa. Rabonki yana hannun Alassan. Ki ɗiba wa wadda ta ɗaga murfin, da daraktan naku. Ki gaya masa biyar ba goma ba ce.

Na ji an riƙe ki a aiki. Dama na faɗa miki ki kai babban gida. Yaro in ya bi maganar uwarsa ba ya taɓewa. Sai dai ki koyi karanta takarda har ƙarshe kafin ki sa hannu, ni ko rasidin duwan ba na karɓa sai na juya bayansa.

Jiya bayan sallar magariba na tara ƙannenki da ƴaƴan ƙanwarki a tsakar gida, na ajiye kwanon a gabansu, na gaya musu abin da zan gaya miki yanzu, don kada wani ya ce bai ji ba. Daga yau, a gidan Hamani, duk wanda ya je ya karɓi wani abu a hannun mutane da sunan ilimi, jini ne, fitsari ne, ko amsar tambaya ce, ba zai bar shi inda mai shi ba zai iya buɗewa ba. Kuma ba za a ɗora tukunyar murna ba, ba mai yin guɗa, sai Cha'ibu ya sauka har shafin ƙarshe a gabana. Wanda ya saɓa, kwanon yana nan, Alassan kuma ya san hanya.

Uwarki,
Barira